Rakiya Zuwa Tashar Bas

Akwai wata Asabar a Silver Spring, nan Amurka, da ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman tabarau alhali yana kan hancina, ba zan manta da ita ba. Ƙafafuna ma ba su manta ba, don har yau in na ga takalmi mai tsini a kanti sai in ji babban yatsana ya motsa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shi ya sa ake ce mini Anti Nas, daga kudancin Kaduna na zo ƙasar nan, kuma ina cikin zumuntar mata ta cocinmu na Katolika. Cocin na kowa da kowa ne, akwai Turawa, akwai baƙaƙen Amurka, akwai mutanen Habasha, amma sau ɗaya a wata ana ba mu dama mu yi Mas irin ta gida, da waƙoƙin Hausa da kiɗan tulu. A wannan Mas ɗin wani matashi ɗan Filato ne yake kaɗa mana fiyano. Shekarunsa talatin da 'yan kai, aikin kwamfuta yake yi, ga ladabi har ya yi yawa. In za ki gaisa da shi sai kin yi sauri kin riƙe shi, in ba haka ba zai durƙusa miki a tsakiyar wurin ajiye motoci. Kuma shi kaɗai ne yake iya bin Mama, shugabar zumuntarmu, in ta ɗauko waƙa. Mama tana fara waƙa a inda ta ga dama, ta ƙare a inda Allah ya kai ta, shi kuwa sai ya bi ta da fiyano yana rufa mata asiri, har mutane su ɗauka da ma haka waƙar take.

Kowa ya san da wani namiji yake zaune, wani dogon Ba'amurke malamin makaranta, kuma kowa ya san ba kuɗin haya ne ya haɗa su ba, soyayya ce. Sani ne irin namu, wanda ba a furtawa. In dogon ya zo ɗaukarsa bayan Mas sai mu ce, "Ga abokinka can ya zo," mu ƙulla wa dogon masa a leda, a wuce wurin.

Sai wata rana da yamma, suna tsaye a tashar bas da ke kusa da benensu riƙe da hannun juna, wasu samari suka tsaya da mota. Suka zage su da irin zagin da ake yi wa masu son jinsinsu, sannan suka rufe su da duka. Dogon ya tsira da kumburi, namu kuwa aka karya masa haƙarƙari, aka fasa masa goshi. Na ga ɗinkin da idona, kuma duk daɗewar da na yi ina ganin rauni, ranar sai da na shiga bayi na yi kuka. Ciwon jiki ya kama hanyar warkewa, sai wani ciwon ya fito. Ya daina fita. Aiki daga ɗaki, abinci a kawo masa, ko ƙofar gidan ba ya yarda ya tsallaka. Dogon ya faɗa wa Fada, limamin cocinmu, cewa har namun ya fara ɗaure kaya, wai zai bar garin ya tafi inda ba wanda ya san shi.

Mas ɗinmu ta wannan watan ba fiyano aka yi ta. Mama ta ɗauko waƙar shiga, ta hau sama da ita, ta rasa hanyar saukowa, mu kuma muna biye da ita kowa da muryarsa. Wata Baturiya ta same ni bayan an tashi ta ce waƙar makokinmu ta taɓa mata zuciya. Waƙar murna ce fa.

Fadanmu tsoho ne mai sanyin magana, amma ranar Lahadin da ta biyo baya bai yi sanyi ba. Ya ce wanda aka doka ɗan cocin nan ne, kuma duk hannun da aka ɗaga a kan mutum saboda wanda yake so, a kan halittar Allah aka ɗaga shi. Ya ce mu taru a tashar bas ɗin da magariba, kowa da kyandir, mu tsaya shiru don su biyun su san ba su kaɗai ba ne.

Kyandir mun iya. Shirun ne ya gagare mu. Akwai wata Anti a cikinmu, 'yar Jos, wadda ta zo amma zuciyarta rabi da rabi, don tana tsoron kada a ɗauki hoto ya kai gida a ce an gan ta a taron irin waɗannan mutane. Saboda haka ta sa baƙin tabarau da magariba, ta ja ɗankwali har gira, abin da ya sa duk mai wucewa ita yake fara kallo. Turawa sun sunkuyar da kai, wuri ya yi tsit, sai wayarta ta ɗauki waƙar yabo daga can ƙasan jaka. Tana laluben waya, kyandir ya ɗiga a zanen ta kusa da ita, waccan ta yi tsalle ta taka ni. Ni kuma na faɗi wata kalma da ba ta cikin addu'ar ranar. Duk wannan bidirin, shi wanda muka zo dominsa yana can sama. Na ga labule ya ɗan motsa, amma bai sauko ba.

A hanyar komawa Mama ta ce, "Wannan ai makoki muka yi wa mai rai. Yaro yana sama ba ya cin abinci, mu muna ƙasa muna ƙona kyandir. Ranar Asabar za mu je dubiya yadda ake yi."

Anti ta ce, "Mama, kin san fa irin zaman da suke yi."

Mama ta ce, "Na sani tun kafin ki sani. An fasa wa ɗanmu kai. Ke za ki kawo gwate."

Ranar Asabar da rana muka dira, mu bakwai ko takwas, cikin ankonmu shuɗi mai hoton Uwa Maryamu, kowa da gwaggwaro ya kai wani wuri. Ni na sa sabon takalmi mai tsini, don a lissafina daga mota sai lif, daga lif sai kujera. Muka ajiye motocinmu a bayan benen, muka kwaso kuloli. Lif ɗin ya yi ta kuka saboda nauyi, sai da aka fitar da mutum biyu da kular farfesu kafin ya yarda ya tashi.

Dogon ne ya buɗe ƙofa. Bawan Allah, an ce masa mata daga coci za su leƙo, sai ya jera 'yan biskit da cuku a faranti ɗaya, ya ɗauka gaisuwar tsaye za mu yi. Kafin ya gama cewa sannunku da zuwa, an karɓe masa kicin. Anti kuwa ta fito da kwalbar ruwan tsarki ta shiga zagaye gidan, wai addu'ar kariya, amma ni na san leƙe take yi. Ta yayyafa wa labule, ta yayyafa wa kyanwarsu, ta yayyafa wa takardun ɗaliban dogon da ya baza a tebur. Ta leƙa ɗakin kwana ta ga gado ɗaya, ta fito bakinta a tsuke. Sai ta tarar da dogon ya sa cokali a gwatenta yana sha, barkono ya sa hawaye na zubo masa, amma yana miƙa kwano a ƙara. Nan fa Anti ta rikice. A duniya ba abin da yake karya mata zuciya kamar a nemi ƙarin girkinta. Ta ajiye kwalbar, ta ɗauki ludayi tana cewa, "Dubi yadda ya rame, kamar sanda. Wa yake ba yaran nan abinci?"

Shi kuwa mai fiyanonmu yana zaune a lungu, ya ja hula ya rufe tabon goshinsa. Ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya yadda ya saba, amma muryar ba tasa ba ce. A jikin bango ga kwalaye a ɗaure. Kujeru sun ƙare, sai Mama ta zauna a kan ɗaya daga cikinsu ta ce, "Ɗana, mene ne wannan?"

Ya ce, "Kaya ne, Mama. Zan ɗan yi tafiya."

Ta dai ci gaba da zama a kan kwalin, kwalin yana lotsawa a hankali, har muka gama addu'ar rosari gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. Mutum biyu ne suka ciro ta.

Da la'asar Mama ta ce to, za mu tafi. Muka fita ɗaya bayan ɗaya da kulolin da aka juye. Shi ya biyo mu har bakin ƙofa, ya tsaya cak, yatsun ƙafarsa daidai kan dokin ƙofar. Ya ce, "Na gode, Mama. Na gode, iyayena. Ku gaida gida."

Mama ta juyo a hankali ta dube shi daga sama har ƙasa. "A nan za ka tsaya? Wa ya rene ka?"

Wanda ya tashi a wajenmu ya san nauyin wannan tambaya. Ba a sallamar babba a bakin ƙofa. Raka shi ake yi, a riƙe masa kaya, a yi ta tafiya har sai shi da bakinsa ya ce koma haka nan. In bai faɗa ba, ba ka da ikon juyawa. Mama ta miƙa masa jakarta, wata ƙatuwar baƙar jaka da maganin hawan jininta da makullan gidanta suke ciki, hannunsa kuwa ya karɓa kafin kansa ya yi shawara. Ta juya ta kama hanya tana ba shi labarin gwiwarta.

Ya biyo mu zuwa lif, yana jiran a ce ya koma. Ba a ce ba. Muka sauka ƙasa tare, dogon yana bayanmu, har muka iso babbar ƙofar gilashi mai fita titi. Ni na ciro makullin motata na nufi ƙofar baya, sai na ji an mintsine ni a damtse, mintsinin da tun ina 'yar firamare rabona da irinsa.

Mama ta ce, "Bas za mu hau."

Na ce, "Mama, ai motata tana..."

"Motarki ba ta da lafiya."

Anti ta ce, "Tawa fa?"

"Duk ba su da lafiya."

Na dubi yaron. Zufa ta keto masa, numfashinsa ya koma sama-sama. Tausayinsa ya kama ni sosai, har na buɗe baki zan ce a ƙyale shi haka. Amma Mama ta riga ta tura ƙofa ta fita, tana ɗingisawa a hankali, ko waiwaye ba ta yi, tana ci gaba da labarin gwiwa kamar yana gefenta. Ya dubi jakar, ya dubi bayan tsohuwa tana tafiya ita kaɗai ba mai riƙe mata kaya. Tsoro yana jansa baya, tarbiyya tana jansa gaba. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, na dai san na daina numfashi. Sai ya sa ƙafa waje.

Ba wanda ya ba da umarni, muka kewaye shi, zane ta gaba, zane ta baya. Wata ta kifa kular da ba komai a ciki ta fara bugawa kamar tulu, Mama ta ɗauko waƙa daga inda ba a ɗaukowa. Haka muka isa tashar bas, wadda ba ta fi jifa da dutse daga benen ba. Kakin kyandirorinmu na rannan yana nan a daskare a ƙasa. Ya tsaya yana kallon wurin.

Bas ta zo ta buɗe ƙofa. Mama ta leƙa ta ce, "Wannan ba tamu ba ce." Bas iri ɗaya ce tak take bin wannan layin. Direba ya rufe ƙofa ya wuce.

Can sai yaron ya ce da ƙaramar murya, "Mama, ki yi haƙuri, ba zan iya tsayawa a nan ba."

Ta ce, "To ai ba ma bar ka ka koma kai kaɗai ba. Mu raka shi."

Muka juya gaba ɗayanmu, da kiɗan kula da komai, muka mai da shi ƙofar gilashi. Mama ta yi masa sai an jima, ta juya ta yi taku kaɗan, sannan ta dafe ƙirji. "Af, jakata. To taho ka miƙa ni mana, tunda tana hannunka."

Jama'a, haka muka ƙarasa wunin. Shi ya raka mu tasha, mu mu rako shi gida, shi ya sake raka mu. Tun ina lissafi har na bari. Takalmina ya fara da cizo, ya koma yanka, daga baya na cire shi na jefa cikin kular farfesu na ci gaba da tafiya a ƙasa, ni da nake yi wa marasa lafiya wa'azin kula da ƙafa. Wani Bahabashe mai shago a gefen hanya ya fito da kujera ya zauna yana kallonmu da kofin shayi. Direban bas ɗin farko ya gama zagayensa ya dawo ya same mu a inda ya bar mu, ya buɗe ƙofa ya tambaya da Turanci ko shiga za mu yi ko fareti muke. Mama ta ce masa har yanzu ba tamu ba ce.

A wani zagayen ne na taka ƙaramin dutse na yi wata irin rawa da ban taɓa koya ba, gwaggwarona ya tuntsure ya rufe mini ido ɗaya. Sai na ji wani sauti a bayana. Dariya ce. Yaron ne ya dafe haƙarƙarinsa yana dariya yana cewa wayyo, hawaye na zuba. Ya ce, "Mama, don Allah, so kike ki kashe mana Anti Nas?"

Mama ta ce, "Ƙyale ta, wa ya aike ta sa takalmin 'yan mata?"

Ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya ba sai ranar. Daga nan tafiyar ta canza. Ya daina kallon kowace mota da ta rage gudu. A zagayen ƙarshe ma shi ne a gaba, jaka a rataye a kafaɗa, yana waiwayowa yana ce mana mu ɗaga ƙafa kada bas ta wuce.

Da bas ta sake zuwa, Mama ta miƙa hannu ta karɓi jakarta. Ta ce, "Koma haka nan, ɗana. Ka yi rakiya, Allah ya yi maka albarka."

Muka fara shiga. Ya juya ya dubi hanyar komawa, na ga fuskarsa ta ɗan canza, don wannan karon ba zane a gaba, ba zane a baya. Dogon yana tsaye can gefe, hannayensa biyu a aljihu. Duk wunin nan a haka yake, nesa-nesa, wani ɓangare don kunyarmu, wani ɓangare kuma don tun ranar dukan ba su ƙara tsayawa kusa da juna a waje ba. Mama ta sa ƙafa ɗaya a matakalar bas, ta tsaya, ta juyo. Da Turancinta mai haɗe da Hausa ta ce, "Kai dogo, hannun nan naka na ado ne? Riƙe shi mana."

Dogon ya dube ta, ya dube mu. Ya ciro hannu daga aljihu a hankali, ya kama hannun yaron, a daidai wurin da aka doke su saboda wannan riƙon. Na saci kallon Anti. Sai ta leƙa ta ƙofa kafin a rufe ta ce, "Na bar kulata a kicin ɗinku. Gobe a kawo mini coci. Ba aike ba, da kanku."

Bas ta ja. Ta gilashin baya na gan su suna tafiya su biyu, a hankali, hannu cikin hannu, kuma ba na jin kunyar faɗa, kuka na yi har da majina, ƙafata ba takalmi.

A tasha ta gaba muka sauka, don motocinmu marasa lafiya suna can bayan benen. Mama ta ce kada su gan mu, sai muka zagayo ta bayan shingen shuke-shuke a sunkuye, manyan mata iyayen 'ya'ya, muna sanɗa. Daga baya mai fiyanon ya faɗa mini cewa suna tsaye a taga suna kallon gwaggwaro shuɗaye suna tafiya a jere a saman shinge ba mutane a ƙarƙashinsu, kuma dariyar da ya yi ta kusa mai da shi asibiti.

Washegari suka kawo kular, a wanke. Kwalayen nan an kwance su, ban da wanda Mama ta zauna a kai, wannan sai shara. Watan da ya biyo baya Mama ta hau sama da waƙar shiga kamar kullum, fiyano ya bi ta ya sauko da ita lafiya. Na taɓa tambayarta ko tun daga gida ta shirya maganar jakar. Ta ce ita tsohuwa ce, mantuwa gare ta, in daina damunta.

Mama ta rasu yanzu, kuma har ta koma ga Ubangiji ban taɓa jin ta zauna ta yi bayanin ra'ayinta a kan zaman su biyun ba. Wataƙila tana da tambayoyi, kamar yadda da yawa a cikinmu suke da su. Abin da na koya daga gare ta shi ne, ba sai ka gama warware tambayoyinka a kan mutum ba kafin ka tsaya kusa da shi ranar da aka doke shi. Tambayoyin suna iya jira, amma wanda tsoro ya kulle a ɗaki yana ɗaure kaya ba zai iya jira ba. Ka je inda yake, ka miƙa masa jakarka, ka taka hanyar da yake tsoro tare da shi, kuma kada ka ce ya koma sai ka ga zai iya komawa riƙe da hannun wanda yake so.